Tumakin Strauss: Shin Kiɗa Zalla Yana Iya Ba da Labari?

Akwai wani wuri a cikin Don Quixote, kiɗan da Bajamushen nan Richard Strauss ya rubuta a 1897, inda kayan busa na tagulla ke ɓarkewa da wata irin ƙara mai karkarwa, kowanne da inda ya nufa. Wurin yana zuwa ne bayan kamar minti 11 da farawa. Wata rana muna zaune a ɗakin gwaje-gwaje muna jiran na'ura ta gama aikinta, sai na kunna wa abokan aikina uku wannan guntun, ban gaya musu sunansa ba. Na ce kowa ya faɗi abin da ya ji. Ɗaya ya ce cunkoson motoci ne ana ta danna hon. Ɗaya ta ce fim ɗin ban tsoro ne, yanzu wani abu zai fito daga bayan ƙofa. Na ukun ya ce ƙudan zuma. Da na ce musu ai garken tumaki ne, sai duk suka kwashe da dariya, "Kai, ai kuwa tumaki ne!" Daga nan ko sau nawa na sake kunnawa, ba wanda ya ƙara jin mota ko zuma.

Mutum uku ba bincike ba ne, kada ka je ka ce a shafin nan ka karanta an gano wani abu. Amma abin da ya faru a ɗakin shi ne tambayar da aka fi shekara 150 ana cacar baki a kanta. Kiɗan da babu waƙa a cikinsa, babu ko kalma ɗaya, zai iya ba ka labarin wani mutum? Ko dai kai ne ke zuwa da labarin a aljihunka, kiɗan ya ba ka wurin ajiyewa?

Bari in fara gaya maka irin kiɗan da muke magana a kai. A Turai ta ƙarni na 19, babbar ƙungiyar makaɗa, wato okestira, an fi saninta da dogon kiɗa mai sassa huɗu wanda ba ya nufin komai sai kansa. A shekarun 1850 Franz Liszt, yana zaune a garin Weimar na Jamus, ya fara rubuta kiɗa mai sashe ɗaya tal, ya ɗaura shi a kan wata waƙa ko wani gwarzo ko wani hoto, ya kuma raɗa wa salon suna. Ya rubuta guda 13. Strauss ya fi son kiran nasa da kalmar Jamusanci mai ma'anar "waƙe da sauti". Mu a nan bari mu ce masa kiɗan labari, mu huta. Zuwa ƙarshen ƙarnin, okestira ta kumbura har ta doshi mutum 100, kuma gwanayen zamanin suka shiga ɗauko mutane daga littattafai da tatsuniyoyi suna ƙoƙarin zana su da sauti: Don Juan mai neman mata, Till Eulenspiegel ɗan wasa da hankalin jama'a, Don Kihote da littattafai suka juya wa kai, da mayyar tsakar rana ta mutanen Cek.

Tun daga farko akwai wanda ya ce wannan duk yaudara ce. Eduard Hanslick, mai sharhin kiɗa a birnin Biyana, ya fitar da ɗan littafi a 1854 yana cewa abin da kiɗa ya ƙunsa bai wuce sauti mai motsi ba. Kiɗa zai iya yin sauri, ya yi sanyi, ya taso, ya faɗi, amma ba zai iya ce maka wane ne ya taso ba, balle dalilinsa. Ya shafe shekaru yana caccakar masu kiɗan labari, har da Strauss.

Ra'ayina shi ne Hanslick ya yi gaskiya a hujjarsa, ya kuma yi kuskure a hukuncinsa. Kiɗa ba ya iya faɗin "tunkiya". Amma yana iya abin da ya fi wannan wuya, wato ya nuna maka halin mutum, yadda yake tafiya, yadda yake amsa magana, da yadda wahala ke canza shi. Waɗanda suka yi kyau a cikin kaɗe-kaɗen nan su ne waɗanda suka tsaya a kan hali. Waɗanda suka nace sai sun bi labari layi-layi su ne suka gajiyar.

Abin da kunne ke iya ɗauka

A 1944 wasu masana halayyar ɗan'adam biyu a Amurka, Fritz Heider da Marianne Simmel, suka nuna wa ɗalibai wani ɗan gajeren fim. Babu mutum a ciki. Zane ne mai kusurwa uku babba, da ƙarami, da ɗan da'ira, suna zagaya wani akwati. Da aka ce su bayyana abin da suka gani, kusan dukkansu labarin mutane suka bayar: babban azzalumi ne, ƙaramin yana kare budurwarsa, ita kuma ta ɓuya a ɗaki. Ƙwaƙwalwarmu ba ta iya ganin abu yana motsi kamar da niyya ta ƙyale shi, sai ta ba shi rai. Sauti ma motsi ne. Idan wani amo ya yi ta tsalle yana tsokanar wani mai nauyi, nan take za ka ji akwai yaro akwai babba.

To amma har ina wannan ya kai? A 2009 wani masani mai suna Thomas Fritz da abokan aikinsa suka buga sakamakon aikin da suka yi a tsaunukan Mandara na arewacin Kamaru, tare da 'yan ƙabilar Mafa waɗanda ba su saba jin kiɗan Turawa ba. Aka kunna musu gajerun kaɗe-kaɗen fiyano, aka ce su nuna hoton fuskar da ta dace: mai murna, mai baƙin ciki, ko mai tsoro. Sun dace fiye da yadda canki-canka kawai zai bayar, ko da yake ba su kai Turawan da aka gwada su da su ba. Wato akwai ɗan abin da ke ƙetare iyaka, kuma yawancinsa yana rataye ne da abubuwa irin su saurin kiɗan.

Labari kuwa bai ƙetare ba. A 2022 Elizabeth Margulis da abokan aikinta suka buga wani bincike da ya haɗa mutum fiye da 600 daga wurare uku: jihar Arkansas da jihar Michigan a Amurka, da ƙauyen Dimen a lardin Guizhou na ƙasar Sin. An kunna musu guntayen kiɗa marasa waƙa, aka ce kowa ya faɗi labarin da ya zo masa a rai. Mutanen Arkansas da na Michigan, duk da nisan da ke tsakaninsu, labaransu sun yi kama da juna ƙwarai. Na mutanen Dimen sun yi kama da juna su ma, amma sun sha bamban da na Amurkawa. Ka ga ke nan labarin ba a cikin sautin yake zaune ba. Yana cikin abin da mai sauraro ya taso yana ji, da finafinan da ya kalla. Abokiyar aikina da ta ji fim ɗin ban tsoro a cikin tumakin Strauss ba ta yi kuskure ba, abin da finafinai suka koya wa kunnenta ke nan.

Wannan bai kamata ya zama baƙo gare ka ba. Idan makaɗi ya buga taken wani basarake ko wani ɗan dambe, wanda ya san taken zai ji suna da kirari tsaf, har tsigar jikinsa ta tashi. Baƙon da ke tsaye kusa da shi ganga kawai ya ji. Shi ya sa zan ari kalmar "take" in yi amfani da ita a nan, domin abin da Strauss ya yi ke nan: ya ba kowane mutum a labarinsa ɗan gajeren amo nasa na kansa, wanda da ka ji shi ka san wane ya shigo.

Till

Idan guda ɗaya kawai za ka saurara, saurari Till Eulenspiegel. Minti 15 ne kacal. An fara kaɗa shi a birnin Kolon ranar 5 ga Nuwamba 1895, Strauss yana da shekara 31.

Till mutumin tatsuniyar Jamusawa ne, an buga littafin ɓarnarsa tun farkon ƙarni na 16, kuma ana cewa ya mutu a garin Mölln a 1350. Ka ɗauke shi kamar Gizo, sai dai shi ba ciki ne ya fi damunsa ba, ya fi son ya kunyata masu ji da kansu: malamai, attajirai, masu sana'a. Da madugun makaɗan da zai jagoranci kiɗan a karon farko, Franz Wüllner, ya nemi Strauss ya rubuto bayanin abin da kowane wuri ke nufi, Strauss ya ƙi ba da cikakken bayani, ya ce a bar masu sauraro su fasa ƙwaryar da kansu. Daga baya ne ya rubuta 'yan kalmomi a gefen takardun kiɗan: nan Till ya kutsa da doki cikin matan kasuwa, nan ya sa kayan limamin coci yana wa'azin ƙarya, nan ya je zance an kore shi, nan ya ruɗa manyan malamai da tambaya.

Ni a ganina ƙin da ya yi da farko ya fi bayanin da ya bayar daga baya. Ga dalili.

Kiɗan ya buɗe da 'yan gogen Turawa a hankali, kamar mai tatsuniya yana cewa ga ta nan ga ta nanku. Sai ƙaho ya shigo da taken Till na farko. 'Yan sautuka ne masu hawa, ya yi su, ya sake, ya kuma sakewa, amma kowane karo suna faɗowa ne a wani gurbi daban na bugun kiɗan. Kana ƙoƙarin kaɗa ƙafa ka bi shi, sai ka ga ya zame maka. Kafin ka gano inda yake, ya gangaro daga can sama zuwa can ƙasa ya tsaya yana kallonka. Ba a gaya maka ya yi ƙarya ko ya yi sata ba, amma a cikin sakan goma ka riga ka san wannan ba mutumin da za ka ba ajiya ba ne.

Akwai kuma abin da ilimin sauti ya ƙara a kai. Ƙahon okestira bututu ne da aka nannaɗe, wanda in ka miƙe shi zai kai kusan mita 4. Bututu irin wannan ba kowane sauti yake yarda ya fitar ba, yana da jerin nasa: na biyu yana kaɗawa ninki 2 na na farko, na uku ninki 3, haka har sama. Daga na 1 zuwa na 2 tazara ce babba. Amma daga na 8 zuwa na 9, ko na 9 zuwa na 10, tazarar 'yar ƙarama ce, kuma a can saman ne mai busa ƙaho ke yawan aikinsa. Leɓensa ya ɗan kauce kaɗan, sai maƙwabcin sautin ya fito, kowa a zauren ya ji. Shi ya sa har yau taken Till yana cikin abubuwan da ake gwada masu neman aikin busa ƙaho da su. Mai busar da kansa yana tafiya ne a kan siraɗi, kuma kana jin wannan kasadar a cikin sautin. Ta dace da mutumin da ake zanawa.

Take na biyu na wata 'yar ƙaramar kilarinet ne, ƙarama fiye da wadda aka saba, mai tsinin murya. Sautuka kaɗan ne, kamar mutum ya yi maka gwalo ya ruga. Daga nan har ƙarshe, kusan duk abin da za ka ji daga waɗannan take biyun aka ƙera shi. A wurin zance an ja taken an tausasa shi har ya zama na soyayya. Bayan an kore shi, ƙahonni suka ɗauki taken da ƙarfi, ya zama na fushi. Wannan shi ne ainihin gwanintar. Ba ka buƙatar sanin doki ne ya shiga kasuwa, ko da yake Strauss ya sa wani katako mai ƙara kamar ana kakkarya tukwane. Abin da kake bi shi ne mutum ɗaya yana canza riga, kai kuma kana gane shi a kowace riga.

Wurin shari'a ya fi ko'ina. Ganga ta yi dogon kirrr, manyan kayan busa suka sauko da sauti mai nauyi kamar alƙali yana karanta tuhuma. 'Yar kilarinet ta amsa da gwalonta na kullum. Alƙali ya sake. Ta sake amsawa, amma yanzu muryar ta ɗan ɗaga. Aka sake, ta koma ƙara. Sai sautuka biyu masu nauyi, na biyun ya faɗo can ƙasa, hukunci ke nan. Kilarinet ta cilla sama, ta maƙale, ta sauko a hankali ta mutu. A littafin asali Till ciwo ne ya kashe shi a kan gado, Strauss ne ya rataye shi. Ban ga laifinsa ba, domin ciwo ba ya amsa magana, alƙali kuwa yana yi, kuma kiɗa ya fi iya zana mutum idan akwai wanda yake ja-in-ja da shi. Sai amon buɗewar nan na tatsuniya ya dawo, ka ɗauka ƙurunƙus ke nan, sai okestira gaba ɗaya ta kwashe da dariyar Till ta rufe.

Don Juan na 1889, wanda ya fito da sunan Strauss yana ɗan shekara 25, ba zan daɗe a kansa ba. Yana da ƙarfi, yana da kyau, kuma ƙarshensa na ban mamaki ne, domin bayan duk wannan zafin sai kiɗan ya yanke, ya mutu shiru ba tare da wata nasara ba. Matsalata da shi ita ce matan da ke ciki. Kowace ta zo da amonta mai daɗi, ta wuce, ba ta canza komai ba. Shi ma gogan yadda ya shigo haka yake har dab da ƙarshe. Hali ɗaya ne aka yi ta ƙara wa wuta.

Inda labari ya danne kiɗa

Antonín Dvořák, mutumin ƙasar Cek, ya dawo gida daga Amurka a 1895, kuma a 1896 ya rubuta kiɗan labari huɗu a kan waƙoƙin tatsuniya na Karel Jaromír Erben. Ya yi wani abu da zai ba ka sha'awa: a wurare da dama ya ɗauki baitin Erben, ya bi tsawo da nauyin gaɓoɓin kalmomin ya ƙera amo a kansu, sannan ya cire kalmomin. Ɗan Cek da ya haddace waƙar tun yana makaranta zai ji kayan kiɗan suna magana. Kusan aikin kalangu ke nan, sai dai kalangu hawa da saukar murya yake bi, domin Hausa harshe ne mai karin sauti. Ni da kai da ba mu jin yaren Cek, wannan ƙofar a rufe take gare mu.

Duk da haka ɗaya daga cikin huɗun yana aiki ko ba ka san kalma ɗaya ba. Sunansa Polednice, mayyar tsakar rana. Uwa tana aikin gida, yaro ya dame ta da rigima, ta ce in bai yi shiru ba za ta kira mayya, kamar dai yadda ake cewa Dodo zai zo. Sai mayyar ta zo da gaske. Uwar ta ƙanƙame ɗanta, ta suma, uban ya dawo cin abincin rana ya tarar yaron ya mutu a ƙirjinta. Dvořák ya ba yaron muryar obo, wata 'yar'uwar algaita, tana nanata abu ɗaya har kai ma ka ji haushi. Shigowar mayyar kuwa ba da ƙara ba ce. Komai ya yi tsit, 'yan goge suka koma raɗa, wata babbar kilarinet mai zurfin murya ta shigo daga ƙasa. Sai ƙararrawa ta buga 12. Minti 14 ne ko kusa da haka, mutum huɗu, ɗaki ɗaya. Ya isa.

Kwatanta shi da Zlatý kolovrat, wato injin kaɗin zare na zinariya. Labarin yana da sarki, da yarinya, da kishiyar uwa da 'yarta da suka kashe yarinyar suka yanke mata hannuwa da ƙafafu suka cire idanu, da wani tsoho da ya aika aka sayo gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya har sau uku don ya mayar mata da rai. A bakin mai tatsuniya, maimaici uku daɗi ne da shi, domin kowane karo kalmar ta canza: ƙafafu, hannuwa, idanu. A kiɗa babu kalmar. Abu ɗaya kake ji sau uku, kana duba agogo. Kiɗan ya doshi rabin awa, kuma surukin Dvořák ɗin kansa, Josef Suk, sai da ya yi masa aski ya rage tsawonsa. Akwai amo masu kyau a ciki, ban musa ba. Amma nan ne Hanslick ya ci gari, domin kiɗan ya zama bawan labarin da ba zai iya faɗa ba.

Akwai kuma akasin haka, inda hoto ya zo daga baya ya ƙwace kiɗan. Paul Dukas na Faransa ya rubuta labarin almajirin boka da tsintsiya mai ɗebo ruwa a 1897, daga waƙar Goethe. A 1940 kamfanin Disney ya sa Mickey Mouse a kai cikin fim ɗin Fantasia. Yau da wuya ka sami wanda ya kalli fim ɗin kuma yake iya jin kiɗan ba tare da ganin ɓera da jar riga ba. Abin da na yi wa abokan aikina da kalmar "tumaki" ke nan, sai dai wannan duniya aka yi wa.

Komawa ga tumakin

Don Quixote an fara kaɗa shi a Kolon a watan Maris 1898, kuma ya haura minti 40. Littafin Cervantes ne na Sifaniya, wanda ya fito kashi biyu, a 1605 da 1615: dattijon da ya karanta labaran jarumai har ya ɗauka shi ma jarumi ne, ya hau rangwamemmen dokinsa ya fita gyara duniya, da baransa Sancho Panza a kan jaki. Strauss ya ba Don muryar celo, babban gogen da ake jinginawa a tsakanin gwiwoyi. Ba a banza ba. Tsirkiyarsa mafi kauri tana kaɗawa kamar sau 65 a sakan, kuma yawancin aikinsa yana faɗawa ne a inda muryar namiji baligi take, shi ya sa kunne ke saurin ɗaukarsa a matsayin mutum mai magana. Sancho kuma an raba shi tsakanin biyola da babbar kilarinet da wata ƙaramar tuba, yana ta surutu yana maimaita kansa.

Tumakin su ne suka fi suna, kuma a wurina su ne mafi arha a cikin aikin. Dabarar ita ce a toshe bakin kayan busa, mai busar kuma ya riƙa karkaɗa harshensa yana hurawa, kamar yadda kake furta "r" ɗin da ke cikin "tara" ta lissafi amma ka ja ta. Harshen yana datse iskar sau da yawa a kowane sakan, sautin ya fito yana rawa kamar kukan tunkiya. An kuma sa su busa sautukan da ke manne da juna, waɗanda ke gogayya a kunne. A 1898 wannan sabon abu ne ƙwarai, kuma wasu masu sharhi sun ɗauke shi cin mutuncin kiɗa. Wayo ne, na yarda, kuma yana ba da dariya sau ɗaya ko biyu. Amma kwaikwayo ne kawai, kuma ka ga ma bai tsaya da ƙafarsa ba sai da na faɗi sunan dabbar.

Wanda ya fi shi zurfi yana gaba. A littafin an rufe wa Don da Sancho idanu, aka ɗora su a kan dokin katako, aka riƙa hura musu iska da zugazugi, suka ɗauka suna keta sararin sama. Strauss ya sa okestira gaba ɗaya ta tashi, har da wata na'ura da ake juyawa tana kukan guguwa. Amma a can ƙasa, manyan goge suna riƙe da sauti ɗaya tak, ba ya hawa ba ya sauka, daga farkon wurin har ƙarshensa. Dokin bai bar ƙasa ba. Nan kiɗa ya yi abin da ko rubutu sai ya yi da jimla biyu: ya nuna maka abin da mutum ke ji a kansa da abin da ke faruwa da gaske, a lokaci guda. Gargaɗi ɗaya dai, wannan sautin yana ƙasa da kaɗawa 100 a sakan, kuma lasifikar waya ba ta iya fitar da shi da kyau. In ba ka sa abin kunne ba, za ka ji tashin kawai, kai ma a yaudare ka tare da Don.

Tun a farkon kiɗan ma an riga an gaya maka ciwon mutumin. Amon ya kama hanya madaidaiciya cikin ladabi, sai ya kauce ya faɗa wani wuri mai nisa da ba ka zata ba, sannan ya dawo gida ya rufe kamar ba abin da ya faru. Haka mai irin wannan larurar yake magana: farkon zancen daidai, ƙarshensa daidai, tsakiyar ce ta tafi wani gari.

A ƙarshe an kayar da shi a fagen daga, ya koma gida, hankalinsa ya dawo. Celo ya ɗauki taken nan da ka yi minti 40 kana ji yana tsalle yana faɗuwa, ya rera shi a hankali, babu gaggawa babu fahariya. Ba a ƙara wani sabon abu ba, tsohon taken ne aka cire wa zazzaɓi. Ban san mai sauraro daga Dimen ko daga tsaunukan Mandara zai ce mutuwa ce ko barci ko faɗuwar rana ba, kuma bisa abin da binciken nan ya nuna, ba ni da ikon in ce dole ya ji abin da na ji. Abin da zai iya bi, in ya zauna tun daga farko, shi ne muryar da ya saba da ita ta canza. A sautin ƙarshe na celo, yawancin makaɗa suna barin yatsa ya zame a kan tsirkiya daga sama zuwa ƙasa, kamar numfashi yana fita. Sauran okestira ta ƙara 'yan sautuka kaɗan a hankali, ta rufe.

In za ka gwada, fara da Till, kada ka karanta bayanin kowane wuri tukuna. Ka riƙe take biyun nan kawai, na ƙaho da na 'yar kilarinet, ka ƙirga riga nawa suka canza kafin alƙali ya shigo.